Zangon Lome: Inda Mai Babur Yake Sauka Ya Nemi Jirgi

Duk mazaunin Agoe Zongo ya san babban titin nan da ya ratsa ta tsakiyarmu, wanda ya taso daga bakin teku ya miƙe arewa fiye da kilomita 600, ya bi ta Atakpame da Sokode da Kara da Sansanin Mango har Sinkase, kan iyakar Barkina Faso. Manyan motocin Yamai da Wagadugu su ne abokan kwananmu da tashinmu. To, amma jifa-jifa, musamman in damina ta ɗauke, akan ga wani matafiyi daban: mutum ɗaya tilo a kan ƙaton babur, akwatunan ƙarfe biyu a gefe, wata taya ɗaure a baya, jar ƙura har gira. Wani lokaci ma in an cire hular kwano sai a ga ashe mace ce. Irin wannan baƙo ya yi wata da watanni a hanya, kuma da yawansu tashar jirgin ruwa suka nufa. A kansa za mu yi magana a wannan wata, domin abin da ya zo nema a garin nan tsohuwar sana'ar gidajenmu ce.

Mu fara da sunan unguwar. Zango shi ne wurin da ayari yake sauke kaya, dabbobi su sha ruwa, mutane su huta kafin a ci gaba. Fataken da suke bin hanyar goro daga Kano zuwa Gwanja su ne suka shuka zangunan ƙasashen nan. Da yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga a 1892, sai 'yan kasuwarta suka bazu, wasu Kete Karachi, wasu suka gangaro bakin teku. A 1897 Jamusawa suka mai da Lome babban birni. Tsohon Zangonmu yana tsakiyar gari ne, har shekarar 1977 da hukuma ta rushe shi, aka maido jama'a nan arewa da birni, wajen kilomita 15. Inda dattawanmu suka yi wasan ƙasa, yau manyan benayen bankuna ne. Wani Bafaranshe, Michel Agier, ya zauna da mutanenmu ya rubuta littafi a kan 'yan kasuwar Zangon Lome, aka buga a 1983, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne mai gida: mutumin da yake saukar da baƙon da ya kawo shanu ko goro, ya ba shi ɗaki da abinci, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa a kan bashi. An rushe ganuwar gidajen, amma ba a rushe wannan ɗabi'a ba.

Ita kuwa tashar jirgin ruwa tana gabas da gari, a hanyar Aneho. A da gadar ƙarfe ce kawai da ta kutsa cikin teku, wadda Jamusawa suka fara ginawa aka buɗe a 1904, jirage su tsaya nesa, ƙananan kwale-kwale su yi ta jigila. A 1968 aka buɗe tashar da muka sani yanzu, mai zurfin ruwa, a 2014 kuma aka ƙara sabon wurin sauke kwantena wanda manyan jirage suke iya matsowa. Gaɓar tekun Togo duka-duka ba ta wuce kilomita hamsin da 'yan kai ba, amma ta wannan 'yar ƙofa kayan Barkina da Mali da Nijar suke shigowa. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, da aka rufe iyakarta da Benin, kaya masu yawa da suka saba bi ta Kwatano suka karkato nan. Mu kam mun gani da idonmu a yawan motocin da suke kwana gefen titi.

Su wane ne masu baburan nan? A shekarun 1980 Turawa kan tsallako Sahara ta Tamanrasset da Agadas da tsofaffin Fijo, su sayar a Yamai ko nan Lome, su hau jirgin sama su koma gida. Rikicin Aljeriya da tawayen arewacin Nijar a shekarun 1990 suka kashe wannan hanya, matafiya suka koma bin gaɓar teku ta Maroko da Muritaniya da Sanagal. Ta can ne wani ɗan Nijeriya, Kunle Adeyanju, ya biyo a 2022: ya tashi daga Landan a watan Afrilu shi kaɗai a kan babur, don tara gudummawar yaƙi da shan inna, ya ratsa ƙasar nan, ya shiga Ikko a ƙarshen Mayu. Shi gida ya nufa, titi ya kai shi. Amma akwai wanda hutunsa ya ƙare a Lome, akwai wanda bizar ƙasashen gaba ta gagare shi, akwai kuma wanda yake so ya ci gaba da tafiya a Kudancin Amurka. Su duka teku ta tare su. Haka ta tare Ted Simon, ɗan jaridar Ingila da ya bar Landan a 1973 ya yi shekara 4 yana zaga duniya a kan babur ƙirar Triumph. Da ya ƙure Afirka, a Mozambik ya sa babur ɗin cikin jirgin kaya a 1974 ya haye Barazil, yana sauka 'yan sanda suka tsare shi kwanaki suna zaton ɗan leƙen asiri ne.

Yanzu ga yadda aikin yake. Hanya uku ce. Ta farko, jiragen nan da suke kawo mana motocin Beljiyam, waɗanda ake tuƙa mota a shiga cikinsu a tuƙo ta a fito. A nan mai babur zai ba da makulli ya juya baya, kuma bai kamata ya bar ko ƙyalle a jikin babur ba, don hannuwa da yawa za su taɓa shi. Ta biyu, ya kama kwantena sukutum. Ƙaramar ita ce mai ƙafa 20, wato wajen mita 6, tana cin babura da yawa, saboda haka matafiya kan jira juna su haɗa kuɗi. Ta uku, a yi wa babur akwatin katako a haɗa shi da kayan wasu. A nan mudun masu jirgi shi ne mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya tsayi, kuma da wannan mudu ake biya. Shi ya sa za ka ga an cire tayar gaba da madubai da gilashi, an sassauto ƙaho an kwantar da shi, don akwatin ya ƙanƙance. Ana tsiyaye fetur, a cire wayar batir, a ɗaure babur da igiyoyi ta kusurwa huɗu. Katakon ma ba kowane iri ba: ƙasashe da yawa ba sa karɓa sai wanda aka gasa don kashe ƙwari aka buga masa hatimi. Wasu ƙasashen, irin su Ostareliya, ko laka ba sa yarda a shigo da ita a jikin taya.

Sai takardu, kuma a nan ake yin kuka. Matafiyi da yawa suna riƙe da wani littafi da ake kira karne, wanda ƙungiyar masu motoci ta ƙasarsu take bayarwa bayan sun ajiye kuɗin jingina mai nauyi. Shekara ɗaya yake aiki. Kowace ƙasa shafi guda: duwan su buga hatimin shiga su yage rabonsu, ranar fita su buga na fita su yage ɗayan. In babur ya shiga jirgi ba a buga hatimin fita ba, to a idon doka yana nan Togo, an sayar da shi ba a biya haraji ba, kuma jinginar mai shi tana cikin haɗari. Wanda ba shi da karne, a iyaka akan ba shi takardar wucewa ta ɗan lokaci, ita ma dole a mai da ita kafin wa'adinta ya cika. Inshorar nan mai ruwan ƙasa ta ECOWAS, wadda ofishin sakatariyarta yake nan Lome, ta titi ce kawai, ba ruwanta da teku, sai an sayi wata. Daga ƙarshe akwai takardar shaidar lodi, wadda ma'aikatan tasha suke kira konesma. Wanda sunansa yake kanta shi ne mai kaya. In an yi kuskuren harafi ɗaya a suna, ko lamba ɗaya a lambar jikin babur, can ƙetare za a riƙe kayan, kuɗin ajiya yana hawa kullum. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Ku duba fa, 'yan'uwa. Mutumin nan ya ratsa hamada shi kaɗai, ya like tayarsa da hannunsa, ya kwana a daji bai nemi kowa ba. Amma ranar da ya iso bakin teku, jaruntakarsa ba ta da sauran amfani. Dole ya miƙa babur ɗinsa da fasfonsa da guzurinsa ga mutanen da bai taɓa gani ba, cikin harshen da ba lalle yana ji ba. Baƙo ko da manyan idanu ba ya ganin gari. A ƙofar tasha kuwa akwai 'yan tiransit na gaskiya masu lasisi da ofis, akwai kuma masu jaka a hammata waɗanda ofishinsu inuwar bishiya ce. Idan ya faɗa hannun na biyu, sai a karɓi rabin kuɗi a ce jirgi gobe, gobe ta zama jibi, bizarsa tana ƙarewa.

Mu ba baƙin wannan hali ba ne. Kakanninmu da suka tafi Makka a ƙasa sun yi shekaru a hanya, wasu suna tsayawa noman auduga a Sudan don su tara kuɗin jirgi. Da suka isa Sawakin ko Fot Sudan, Bahar Maliya ta tsai da su, mai jaki ya rabu da jakinsa, kowa ya nemi ɗan'uwan da ya riga shi zuwa ya nuna masa jirgin da zai kai shi Jidda. Waɗanda suka dace da mai gida nagari sun haye. Waɗanda ba su dace ba, wasu har yau ba a san kabarinsu ba.

Saboda haka muna kira ga samarinmu da suke aiki a tasha, da masu zemijan, da makanikai, da kafintoci. In irin wannan baƙo ya tsaya ya yi tambaya, a kai shi wurin ɗan tiransit mai lasisi, a tsaya har a rubuta masa farashi a takarda, a gaya masa gaskiya cewa a can inda za a sauke ma akwai wani kuɗin da zai biya. A tuna masa ya ɗauki hoton babur kafin a rufe akwati, ya ga hatimin duwan da idonsa, kuma kada ya sayi tikitin jirgin sama sai konesma ta zo hannunsa. La'ada halal ce, dillalan goro ma sun ci, amma a faɗe ta a fili tun farko.

Matafiyan nan suna ba juna labari, yau kuma da intanet labarin kan riga babur isa. Wanda aka cuta a Lome zai faɗa wa dubu, wanda aka riƙe da amana shi ma zai faɗa. Mu da muke 'yan tsiraru a ƙasar nan, ba mu da gonaki masu yawa, ba mu da kujeru masu yawa a gwamnati. Sunan da iyayenmu suka bar mana, cewa in ka ba Bahaushen Zango ajiya za ka tarar da ita yadda ka bari, shi ne jarinmu, kuma da shi 'ya'yanmu za su ci abinci. Allah Ya kai kowane matafiyi gida lafiya.