Daga Kano Zuwa Damagaram Da Littafi A Jaka

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, to amma idan tafiyar ta faɗo saura mako biyu jarrabawa fa? Abin da ya same mu ke nan, mu uku ƙawaye 'yan aji shida, lokacin da aka sa bikin yayar ɗayarmu, za a kai amarya Damagaram.

Da fari Baba cewa ya yi sam, babu inda za ni. Sai da Gwaggo ta sa baki, ta ce ita za ta riƙe mu, sannan ya yarda bisa sharaɗi: kwana uku kacal, kuma idan sakamako ya fito da ja a ciki, to ni da biki sai nawa. Muka raba darussa, ni Tarihi, ɗaya Lissafi, ɗaya Turanci, kowacce za ta yi wa sauran bita.

Mun bar Kano bayan sallar asuba, muka bi ta Kazaure zuwa Daura. Ana shan mai na buɗe littafi ina karanto musu labarin Bayajida da macijiya, sai direba ya yi dariya ya ce, "Ke 'yan mata, ai ga rijiyar Kusugun nan cikin gari." Ai kuwa Gwaggo ta yi mana alfarma muka leƙa. Wallahi gani ya kori ji.

Gaba kaɗan sai Kwangwalam, bakin iyaka. Nan kowa ya sauko da katin shaidarsa a hannu. Wannan iyaka an rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, aka sake buɗewa a 2024, don haka mai niyya ta tambaya tun daga gida. Abin mamaki, gonakin gero iri ɗaya, Hausa ɗaya, sai dai allunan hanya sun koma Faransanci. Muka wuce Matamaye da Kance, muka hau babban titi a Takeita, la'asar sakaliya muna Damagaram.

Kai jama'a, gari sai Damagaram! Unguwar Birni cike take da manyan duwatsu kamar an jera su da hannu, ga lunguna, ga gidajen ƙasa masu zane a fuska, ga fadar Sarki da dogarai cikin ja da kore. Zango kuwa nan fatake suke sauka a da. Wani dattijo a gidan biki ya gaya mana nan ne babban birnin Nijar kafin Faransawa su mayar da shi Yamai a 1926. Nan take na rubuta a bayan littafina.

A kasuwa muka sha darasin Lissafi. Su kuɗinsu sefa ne, amma da dala suke ƙirga, dala ɗaya sefa 5. Mai takalman fata ya ce wa ƙawata dala ɗari, ta zaro ido, ashe sefa 500 yake nufi. Sefa 1,000 kuma jika suke ce mata.

Wahalar tana ga dare. Ana kiɗa a tsakar gida, 'yan mata sun ci ado, mu kuwa mun shige ɗakin Gwaggo mun kunna fitila. Wata ƙanwar ango ta leƙo ta ce, "Ku ma 'yan lakwal ne?" Lakwal ita ce makaranta a bakinsu. Ashe ita ma jarrabawar BEPC ce a gabanta. Ta ɗauko nata littafin ta zauna, muka koya mata Turanci, ta koya mana gaisuwar Faransanci. Sai da muka cika awa biyu Gwaggo ta ce, "To 'ya'yan nan, ku je ku taka rawarku."

'Yar'uwa, idan irin wannan tafiya ta taso miki, ki nemi izinin iyaye, ki bi babbar mace, ki ɗauki littafi biyu kawai waɗanda za ki iya gamawa. Ki ware lokacin karatu tun kafin makaɗa su iso, don in ganga ta fara tashi ido ba ya zama a kan takarda. Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya kai kowa gida lafiya, amin.