Ranar da Muka Ce Masa Ya Ƙara Azumi

'Yan'uwa matasa cikin Kristi, akwai kuskuren da muka taɓa yi, gara ku ji shi daga bakinmu kafin wani a cikinku ya maimaita.

Wani ɗalibinmu a makarantar tauhidi, yaro mai ƙwazo, ya same mu a ofis da sassafe. Ya ce, "Baba Fasto, ji nake mutuwa zan yi." Duk ranar da aka sa shi wa'azin gwaji sai zuciyarsa ta riƙa dukan uku-uku, gumi ya karyo masa, numfashi ya sarƙe. Da dare ba barci, sai zullumin abin da bai faru ba. Muka buɗe masa Filibiyawa sura 4, muka ce bangaskiyarsa ce ta yi sanyi, ya je ya yi azumin kwana uku. Ya yi. Ya dawo abin ya fi da, ga kuma sabon kaya a kansa: yanzu gani yake Ubangiji ya ƙi sauraronsa.

Uwargida ce, da yake ma'aikaciyar jinya ce, ta tambaye mu a gida: "Da ƙafarsa ce ta karye, azumi za ku ba shi?" Muka rasa amsa.

Muka raka shi asibitin koyarwa. Likita ya fara da gwajin jini, domin akwai irin ciwon maƙoƙo da ke sa zuciya wannan gudu, ya kuma tambaye shi yawan goro da shayin da yake sha. Da komai ya fito lafiya sai aka haɗa shi da masanin halayyar ɗan Adam, suna zama sau ɗaya a mako. Aka fahimtar da shi cewa wannan fargaba takan kai ƙarshen ƙarfinta cikin 'yan mintoci ta sauka, ba ta kisa. Aka koya masa jan numfashi a hankali, da rubuta tunanin da ke tsorata shi ya auna ko gaskiya ne. Abin da ya fi ba mu mamaki, an hana shi gudun bagadi, domin gudun ne ke ciyar da tsoron. Ya fara magana gaban mutum biyu, sannan goma. Shi bai bukaci ƙwaya ba. Wasu suna bukata, kuma ba abin kunya ba ne.

Daga baya muka koma 1 Sarakuna sura 19 da sabon ido. Iliya ya gudu daga Yezebel har ya roƙi mutuwa, amma mala'ika abinci da ruwa ya kawo masa har sau biyu, ya bar shi ya yi barci, kafin Allah ya yi magana da shi a Horeb. Mu kuwa abincin muka fara janyewa.

Mun san abin da ke hana da yawanku zuwa: kada a ce an gan ku a Barnawa, a sa muku sunan mahaukaci. To, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke can Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, suna duba masu damuwa da rashin barci, waɗanda ke komawa gida a ranar. A 2023 ma aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958.

Ɗalibin nan yana kiwon wata ƙaramar ikilisiya yanzu. Ya ce mana har yau hannunsa kan yi rawa ran Lahadi kafin ya hau bagadi. Yakan yi addu'a, ya ja numfashi, ya hau.