Zafin da ke tsakanin silin da kwano

A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40, likita ya shawarce mu da mu samar wa mahaifiyarmu ɗaki mai sanyi, domin tsufa da hawan jini sun rage mata juriya. Muka sayi na'urar sanyaya ɗaki, mai haɗawa ya zo da azahar tare da yaronsa.

Aikin ya bukaci a ja waya ta cikin silin. Wuri ne mai ƙunci, babu taga, ba a miƙewa sai rarrafe a kan katako. A ƙarƙashin kwanon da rana ta gasa tun safe, zafi na iya wuce digiri 50. Yaron ne ya hau, saboda shi ne siriri. Ni kuwa hankalina duk yana kan Hajiya.

Bayan kamar rabin awa maigidansa ya kira shi, sai ya amsa da maganar da ba ta da kan gado. Da ƙyar muka sauko da shi, jikinsa zafi rau, yana tangaɗi. Muka kwantar da shi a inuwa, muka cire masa riga, muka yi ta kwara masa ruwan sanyi muna fifita, sannan muka garzaya asibiti. Allah ya sa da sauran kwana.

A can na fahimci abin da ya faru. Idan jiki ya kasa fitar da zafi, sai ya fara gargaɗi da jiri, ciwon kai, tashin zuciya da murɗewar nama. Da zarar ruɗewa ta shigo, zafin ya taɓa ƙwaƙwalwa, kuma yana iya kisa. A fara sanyaya mutum nan take, kada a ɗura masa ruwa a baki in ba ya cikin hayyacinsa.

Duk mai irin wannan aiki a gidansa, ya sa a yi shi da sanyin safiya. A kashe wutar gidan tukuna. Wani ya tsaya a gindin tsani yana jan ma'aikacin da hira, a riƙa sauko da shi akai-akai ya sha ruwa ya huta.

Hajiya na barci cikin sanyi yanzu. Amma har yau nakan tuna cewa garin neman lafiyar uwata, saura ƙiris in jawo wa wata uwar rashin ɗanta.