Kada a Nuna Mata Daji

Wallahi kallon kayan wasan yara na yi masa. Ɗan yayana ne ya zo Batsari hutu daga Katsina da wani tabarau mai rufe ido ruf, ana zura waya a cikinsa a ɗaura a kai. Na saka. Ɗakin ya ɓace! Gabana teku, na waiga baya teku, na dubi ƙafata na ga ruwa, har sai da na tattare zani. "Gwaggo, dafa bango," in ji shi, yana ƙyalƙyala dariya.

Ashe a Amurka irin wannan tabarau har ɗakin haihuwa ya shiga. A asibitin Cedars-Sinai na Los Anjalis, Dakta Melissa Wong ta raba mata 40 masu naƙudar fari gida biyu, kashi ɗaya aka saka musu tabarau na kusan minti 30. Waɗanda suka saka sun ce zafin ya sassauta, sauran kuwa ƙaruwa ya yi. Dabarar ta girmi wannan gwaji: a Jami'ar Washinton, Hunter Hoffman ya daɗe yana nuna wa waɗanda wuta ta ƙona duniyar ƙanƙara yayin da ake wanke musu gyambo. Hankali ba ya ɗaukar kaya biyu, in ido da kunne suka cika shi, raɗaɗi sai ya rasa wurin zama. Kuma a ƙasar da baƙar mace ta ninka farar mace kusan sau uku wajen mutuwa ta dalilin ciki da haihuwa, dole a nemi duk abin da zai kwantar wa uwa rai.

Nan take ƙanwar maigidana ta faɗo mini a rai. Jego take yi a gidanmu, sun taso daga wani ƙauye na ƙasar Safana, can wajen Runka, bakin dajin Rugu. Wankan jego ana yi mata, kunun kanwa tana sha, amma barci ya ƙaurace mata. Babur ya gifta sai ta zabura ta rungume jariri. Kowa ya zo barka ya ce tunani ne, ta yi haƙuri.

Muka ce a gwada mata tabarau ɗin, yaron ya zaɓo mata abin da masu haɗa shi suka fi taƙama da shi: itatuwa, inuwa, kukan tsuntsaye. Ko minti ɗaya ba a yi ba ta fizge shi ta jefar. "Yaya, daji ne! Daji kuka kai ni!" Jikinta sai rawa yake.

To, ina Bature zai sani? A wurinsa daji wurin hutu ne. A ƙasar da aka kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar cikin Fabrairun 2020, daji shi ne inda ake kora mutane a ƙafa, a jira kuɗin fansa. Ga kuma rufe ido: uwar da ta saba kwana tana sauraron harbi, ta yaya za ta yarda a makantar da ita ɗanta na gefe?

Washegari sai da Inna ta karɓi jaririn, ta zauna ta dafa mata ƙafa, sannan ta yarda. Wannan karon Ka'aba aka saka mata, bidiyon da ake ɗauka ta kowace fuska. Ta juya dama, ta juya hagu, ta ɗaga kai tana neman hasumiya. Leɓenta ya fara motsi. Kafaɗunta suka sauko, da idona na gani! Ranar ta yi barci tun daga azahar har aka kira la'asar.

Ban ce magani ba ne. Mai jegon da ta daina cin abinci ko take ƙin ɗanta, asibiti za a kai ta. Ga matsalar caji, ga ta sabis, tunda mun ga yadda aka katse layukan waya a Batsari da Safana a 2021. Shi ya sa na tsare yaron ya sauke mana bidiyon Makka da na Madina cikin wayata, na kuma ce ya bar tabarau ɗin. Yana ta ƙunƙuni wai aro ya yi. Maƙwabciyarmu mai cikin wata takwas ta riga ta aiko a tambaya ko gobe da hantsi babu kowa a layi.