Tafiyata a Jirgin Ruwa da Bazara

Mu 'yan Ƙofar Rini ruwan da muka sani shi ne Gulbin Rima, wanda da bazara yakan janye har yashi ya fito. Saboda haka da kawuna ya kai ni Yauri a hutun watan Afrilu, na ga tafkin Kainji, sai na ce lalle wannan ita ce teku. Tun 1968 da aka datse Kwara ruwan ya bazu haka.

Mun shiga kwalekwale mai inji na wani dattijo cikin Sarkawa, muka nufi kudu wajen Warra. Abin da ya ba ni mamaki, sam bai yarda ya shiga tsakiya ba, gaɓa yake ta bi, ko da yake hanyar ta fi tsawo. Idonsa kullum yana gabas. Ya ce mini, "Ɗana, hadarin bazara ba ya sallama, iska ke riga ruwa isowa." A ƙarƙashi kuma ga kututturan itatuwan da tafkin ya cinye.

Da la'asar kuwa sai gabas ta yi baƙi ƙirin. Kafin mu kai gaci igiyar ruwa ta fara marin jirgin, ni da wani yaro muna ta kwarfar ruwa da ƙwarya, Kawu sai salati yake yi. Muka kwana a wata tunga. Hadarin nan kuwa ya watse, ko ɗigo.

A wannan ruwa ne, kusa da Warra, jirgi ya nutse da mutum fiye da 100 a watan Mayu na 1442 bayan Hijira, wato 2021. Da safe dattijon ya nuna mana wajen da baki, ya ta da inji.