Ranar da Na Ƙona Man Umma

Duk wanda ya kai ND II ya san furojet ba kai kaɗai yake ci ba, har da aljihu. Kuɗin bugawa, kuɗin sake bugawa bayan malam ya bi shi da jan biro, ga kuɗin ɗauri kwafi-kwafi. Da na koma gida hutun zangon farko, na riga na yi wa kaina alkawarin ba zan ƙara tambayar Umma ko sisi ba. Ƙosai take soyawa a ƙofar gida kullum da safe, da shi ta biya mini rajista, kuma na san abin da ke shiga gwangwanin da take tara ciniki.

Sai na ce bari in nemi sana'a. Na sha ganin bidiyon zoben albasa a TikTok, irin wanda ake sayarwa a gidajen abinci na zamani tare da soyayyen dankali: a yanka albasa zobe-zobe, a tsoma a ƙullun fulawa, a soya, ka ji ana cizo yana ƙaras-ƙaras. Na ce ai wannan ba komai ba ne. Lokacin rani ne, albasa ta yi araha, ga shi kuma ni ɗalibar sashen kimiyyar abinci ce. Wa zai koya mini suya?

Ran nan da la'asar Umma ta tafi barka. Na sayo manyan albasa guda shida, mai kayan miyan yana ta rantsuwa wai 'yar Aliero ce, na hura murhu, na ɗauko kaskonta, na juye man gyaɗan da ta tanada don suyar gobe. A lissafina zan soya, in tace man, in mayar mata ba tare da ta sani ba.

Abin da ya biyo baya, ko maƙiyina ba na yi masa fata. Na yanka albasar siriri-siriri, na wanke, na zuba ta da ruwanta cikin ƙullu. Ƙullun kuwa na buga shi sosai, yadda na saba ganin Umma tana buga na ƙosai. Ban jira mai ya yi zafi ba, na cika kaskon taf. Zobban suka nutse ƙasa, suka manne da juna, rigar ƙullun ta saɓule ta bar albasa tsirara. Da na tsame, sun sha mai jagab. Haushi ya sa na ƙara itace. Kafin in ankara burbushin da ya zube a ƙasan kasko ya ƙone, mai ya fara hayaƙi, ya yi baƙi, ya yi ɗaci. 'Yan waɗanda suka ɗan yi kama da abin arziki na rufe su a kula don kada su huce. Da na buɗe bayan magariba sun yi laushi kamar tsumma.

Ƙanina ya ɗanɗana guda, ya ce, "Yaya, wannan ne ake koya muku a makarantar?"

Umma ta dawo, ta leƙa kasko, ta shinshina, ta dube ni. Ni ce 'yar fari, ba ta kama sunana. Cewa kawai ta yi, "Ke, kin ci abinci?" Da asuba ina jin ta tana aiken ƙanina wajen mai shago ya karɓo mai bashi, don wancan ko kusa ba zai soya ƙosan da za a sayar wa mutane ba. Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ranar na gane abin da ake nufi da ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Da daddare na ɗauko takardun lakcarmu na zauna. Duk abin da na ɓata yana nan a rubuce, har jarrabawarsa na ci. Ƙaras-ƙaras ɗin da ake nema ba wani sihiri ba ne: zafin mai ne ke mayar da ruwan da ke cikin ƙullu tururi, ya fice ya bar ɓawo busasshe. In zafin bai kai ba, ɓawon ba ya saurin kamawa, sai ya daɗe a ciki yana shan mai. Ana son zafin ya kai wajen digiri 175 zuwa 180 a ma'aunin Salsiyas. Na san lambar. Abin da ban sani ba shi ne yadda ake gane ta a kan murhun itace, babu na'urar auna zafi.

Bayan kwana biyu Umma da kanta ta ce, "Ke, ɗauko albasar taki mu gani."

Ta zaɓi biyu manya, busassu, masu tauri. Ta ce in yanka da kauri kamar ƙaramin yatsana, in rarraba zobban. Muka jiƙa su a ruwan randa kamar minti 20, don jar albasarmu tana da yaji, jiƙon yana rage shi. Muka tsane su, muka goge da tsumma mai tsabta har suka bushe. A cikin kowane zobe akwai wata 'yar fata siririya mai santsi. In ta ɗago a cire ta, don tana cikin abin da ke sa ƙullu ya zame. Sannan muka barbaɗa musu busasshiyar fulawa, yadda ƙullun zai samu abin kamawa.

Ƙullun ni na haɗa: fulawa kofi 1, garin shinkafa rabin kofi, bakin hoda ƙaramin cokali 1, ɗan gishiri, sai ruwa mai sanyi ƙarara kusan kofi 1, wanda ƙanina ya sayo mana na leda daga firijin maƙwabta. Umma ta ɗauki ludayi za ta fara bugu, na ce, "Umma, don Allah kar ki buga." Ta tsaya tana kallona. Na yi mata bayani cewa wake ba shi da danƙon nan da ke cikin alkama, shi ya sa ƙullun ƙosai yake son bugu don iska ta shige shi ya tashi. Ita kuwa fulawa, in an buga ta danƙon ne ke tashi, ɓawon ya zama kamar roba. Sanyin ruwa yana rage tashinsa, garin shinkafa kuma ba shi da shi sam. A juya kaɗan kawai, ko da 'yan gudaji sun rage ba laifi. Ta ajiye ludayin, ta ce, "Ashe dai kuɗin makarantar bai tafi a banza ba."

Wajen wuta kuwa nata ne. Ta ɗiga ƙullu kaɗan a mai, ta ce in duba. In ya nutse ya zauna, mai bai yi ba. In ya taso nan take yana yin duhu, ya wuce, a janye itace. Wanda ake so shi ne ya ɗan nutse ya taso yana kumfa, yana wannan kuka na "cuuu". Ita ko duba ba ta yi, da kunne take ganewa. Na kai hannu zan zuba da yawa, ta doke mini hannu: "Kasko ne, ba A Daidaita Sahu ba. Biyar-biyar." Gaskiyarta, kowane zobe mai sanyi da ya shiga yana sauke zafin man. Minti biyu zuwa uku, a juya sau ɗaya, in ya yi ruwan zuma a tsame da matsami. Kafin a zuba na gaba, sai ta kwashe burbushin da ya rage ta jira mai ya dawo da zafinsa. Abin da ban yi ba ke nan ranar da na ƙona mata mai.

Muka baza su a kwando, ba mu jibga wani kan wani ba, ba mu rufe ba, don tururin da ke fita daga albasar shi ne ke komawa ya jiƙa ɓawon. Na barbaɗa yajin ƙuli tun suna da zafi. Ƙanina ya ciji guda, har daga zaure ana jin ƙarar.

Da muka dawo makaranta na fara soyawa da yamma a wajen girki na bayan hostel, da risho da ƙaramin kasko. Abu ne da ba ya jira, in ya daɗe zai yi laushi, don haka sai mai saye ya tsaya ake zuba masa. Waɗanda suka saya sun san ni. Ba wani kuɗi na tara ba, amma ribar farko na aika gida aka biya mai shago, sauran kuma ta buga mini babi na ɗaya zuwa na uku.

Nan da 'yan watanni, in Allah ya yarda, za a ba ni takardar da ta ce na san abinci. Umma ba ta da irin wannan takardar, amma shekarun da ta yi a gaban kasko sun kusa kai shekaruna. Ranar da muka yi suyar na miƙa mata guda uku, ta ci, ta goge hannu a zane. Na ce, "Umma, ya kika ji?"

Ta ce, "Da daɗi kam. Amma wannan ai iska ce. Wa zai ci wannan ya tafi gona?"