Kafin Mu Ɗora Ƙuruciyarmu A Kan Sikelin Ɗan Gwangwan

Jama'a, yau zan ɗan ajiye siyasa in taɓo wata magana da wasu za su ce shirme ce: 'yan mutum-mutumin roba na wasan yara. Ku daure ku karanta har ƙarshe.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 rayuwa ta yi tsada, 'yan gwangwan suka samu kasuwa. Daga Tambuwal har Kebbe babu lungun da ba su shiga da kura da sikeli. Tsohuwar tasa, fitilar ƙwai, dutsen guga na gawayi, fasasshiyar roba, duk a auna a kilo. Ban ga laifin mai sayarwa ba, wanda bai da na cefane ba ka ce masa ya ajiye tarihi ba. Abin da ke damuna shi ne ba mu duba abin da muke zubawa cikin buhun.

Cikin abin da ke tafiya har da kayan wasan da muka tashi da su a shekarun 1980 zuwa farkon 1990: sojan roba, Superman, Spider-Man, waɗanda ake samu cikin gwanjo ko a kawo mana tsaraba daga birni. Ni dai na ɗan jima ina tara su, ina da ashirin da 'yan kai cikin kwalin takalmi. Abokan aiki har tsokanata suke yi, wai babban mutum da wasan yara.

A Amurka kuwa abin ga sana'a ce. A 1967 kamfanin Louis Marx ya fitar da jarumai shida na Marvel: Spider-Man, Captain America, Hulk, Thor, Iron Man da Daredevil. Kowane tsawonsa kamar inci 6, robar launi ɗaya ce ba fenti, yaro in ya so ya shafa masa kala da kansa. Kamfanin ya rufe a 1980, yau masu tarawa neman su suke yi ido rufe. Mujallar da Superman ya fara fitowa cikinta a 1938 santi 10 aka sayar da ita. A 2024 an yi gwanjon kwafi ɗaya a kan dala miliyan 6. Waccan takarda ce, ba roba ba, amma dalilin ɗaya ne: kowa ya yar da nasa, wani ya adana.

To yaya ake gane tsoho? Ka juya shi ka duba tafin ƙafa ko baya, nan ake buga sunan kamfani da shekara da ƙasa. Alamar Marx da'ira ce mai babban X da haruffan MAR, kuma sukan rubuta shekara da lambobin Rumawa, MCMLXVII na nufin 1967. In ka ga an rubuta Hong Kong, galibi ya girmi mai ɗauke da sunan China, don sai a shekarun 1980 masana'antun suka yi ta ƙaura zuwa can. Sai ka dubi fuska da yatsu. Na asali zanensa a fili yake, jabu kuwa kwafin kwafi ne, fuskar ta dakushe kamar sabulun da ya sha ruwa. Kada ka wanke shi da fetur ko kananzir, ruwa da sabulu sun isa. Kada ka bar shi a rana, robar za ta bushe ta karye. Kada kuma ka sake masa fenti don ya yi kyau, masu saye sun fi son shi yadda ya fito.

Amma fa kada wani ya ɗauka arziki ya zo. Mafi yawan na kasuwanninmu na jiya-jiya ne, ba su kai kuɗin lemu ba. Duk wanda ya turo maka saƙo wai zai saya da dala, amma ka fara tura kuɗin rajista, ɗan damfara ne.

Na san wani zai kawo zancen mutum-mutumi. Wannan fagen malamai ne, ni ba malami ba ne. Abin da na sani, ya zo a hadisi cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana da 'yan tsana da take wasa da su, kuma da shi malamai da dama suka kafa hujjar sassauci ga kayan wasan yara.

Inda maganar ta fi yi mini ciwo shi ne namu na gida. Superman yana da mai adana shi a Amurka ko mun yar ko ba mu yar ba. Wa ke adana motar kara da muke yi da kaka in an yanke dawa? Ina motar langa-langa mai tayar tsohon silifa? Ina shanun laka da muke shanyawa a bakin fadama, da 'yar tsanar ƙashi da ƙannenmu mata ke yi wa kitso? Waɗannan ba su da hatimi a tafin ƙafa, ba shekara, ba sunan maƙeri. In waɗanda suka iya yin su suka ƙare, shi ke nan. Ɗiyanmu yanzu waya suka sani, da yawa ba su taɓa fere kara ba.

Marigayi Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, an san shi da adana rubuce-rubucen magabata, ga gidan tarihi can a Sakkwato da sunansa. Mu ɗauki darasi ko a ƙaramin abu. Kafin ka miƙa buhu, ka zazzage ka duba. Abin da ka ware, ka rubuta a takarda: na wane ne, daga wane gari, wace shekara. In akwai dattijo ko matashi a unguwarku da ya iya motar kara, ka sa ya yi ɗaya gaban yara, ka ɗauki bidiyo, ka ajiye motar. Malaman firamare na Dogon Daji, Jabo, Sanyinna da Kuchi, kanta ɗaya a ofishin hedimasta ta isa a fara.

Wanda ke da wani tsohon abin wasa a gida, ya ɗauko hotonsa har da tafin ƙafar mu duba tare. Allah ya sa mu dace.